Fuskar Baffa a Ɗakin Karatun Ƙofar Gayan

Gidanmu na gado a cikin birni gidan ƙasa ne, katangarsa kuma kauri gare ta. Da bazara ɗakunan sanyi ƙalau, da damina ba ka jin ƙarar ruwa sai ka leƙo waje. Matsalarsa ɗaya, sabis ɗin waya ba ya ratsa shi. In kana son magana da wani ba tare da murya ta riƙa yankewa ba, sai ka fita bakin rijiya ko ka hau soro. Mun saba da hakan, ba ma ɗaukarsa a bakin komai, sai da maganar Baffa ta taso.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ne autansu. Tun kafin a haife ni ya bi fataken goro zuwa Kumasi, ya yi aure a can, ya zauna. Da farko yakan zo jefi-jefi, daga baya sai saƙon baki, daga nan kuma shiru. Mahaifina ya rasu bai sake sa shi a ido ba. Wadda ta rage a Zariya cikinsu ita ce Goggo, yayarsu duka, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Ni ina aure a Tudun Jukun, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, amma da wuya in kwana biyu ban leƙa ta ba.

Wani ɗan unguwarmu da ke harkar atamfa ne ya je Kumasi, ya ji wani tsoho a masallaci yana Zazzaganci tsantsa, ya tsaya suka gaisa. Da ya dawo sai ya kawo mana lambar 'yar Baffa, wadda ke aikin jinya a can. Muka fara aika wa juna saƙon murya. Hausarta ta ba ni mamaki, domin mace da namiji duk “shi” take ce musu, har Goggo ta tambaye ni ko yarinyar ba ta san ita mace ba ce. An haɗa Goggo da Baffa a waya sun gaisa, amma da ta miƙo mini wayar sai ta ce, “Murya ce kawai. Tsoho duk muryarsa ɗaya. Ni ina so in ga idonsa.”

'Yar Baffa ce ta kawo shawarar a yi taron dangi ta manhajar bidiyo, irin wadda ake turo wa mutum linki ya danna ya shiga. 'Yan'uwanta sun warwatsu a garuruwa, mu ma namu wasu suna Kaduna, wasu Legas, kowa kuma yana son ya ga wannan haɗuwa. Aka tsayar da wata Asabar bayan azahar. Na taɓa amfani da manhajar a wajen bita a makaranta, don haka na ce mata ai wannan abu ne mai sauƙi.

Na fara gwadawa a bakin rijiya. Fuskar 'yar Baffa ta fito, ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai ta daskare a haka. Muryarta kuwa kamar mai magana a gaban fanka. A kan soro abin ya ɗan yi dama-dama, amma gwiwoyin Goggo sun daɗe da sallama da matakala. Gidana na Tudun Jukun ma a kwari yake, ba a cewa komai. Sai na tuna da ɗakin karatun da ƙungiyar unguwa ta gina kusa da Ƙofar Gayan, mai sola da waifai kyauta, inda ɗalibai ke zuwa karatu.

Mai kula da wurin wani tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, dogo, mai son hira. Na gaya masa abin da ke tafe da ni, ya ce, “Malama, ni abin da na sani game da akwatin waifan nan shi ne in kashe shi da yamma, in kunna shi da safe. Wanda ya haɗa mana shi yana Kaduna. Amma zauna mu gani.”

Na haɗa wayata da waifan. Alamarsa ta cika fal a saman waya. Na buɗe manhajar, ta yi ta juya ɗan da'irarta, can sai ta rubuto da Turanci cewa ta kasa haɗawa, in duba netwok ɗina. Na duba, ga shi nan a cike. Na sake, haka. Abin bai ba ni haushi ba, mamaki ya ba ni. Ta yaya waya za ta ce ta haɗu, manhajar da ke cikinta kuma ta ce ba a haɗu ba? Dole ɗaya cikinsu akwai abin da take nufi da ban gane ba.

Na bar manhajar na buɗe burauza, don in ga ko wani shafi zai buɗe. Maimakon shafin da na nema, sai wani daban ya faɗo, mai ɗauke da sunan ɗakin karatun da 'yan ƙa'idoji, a ƙasa kuma ga wurin da za a danna a ce an yarda. Na danna. Na koma manhajar, nan take ta buɗe.

Na nuna wa Malam. Ya gyara tabarau ya ce, “To ai ƙa'ida ce. Kin shigo zaure ne ba ki yi sallama ba. Kina cikin gida, amma ba a ce ki ƙaraso ba.” Ya ce ɗalibai shafin da kansa yake fito musu, shi ya sa bai taɓa jin wani ya yi kuka ba. Me ya sa ni bai fito mini ba? Na yi ta jujjuya wayar har na lura datata a kunne take. Na kashe ta, na sa wayar ta manta da waifan, na sake haɗawa, sai ga shafin ya fito da kansa. Na maimaita abin don in tabbatar ba dace ba ne. Ranar na koma gida da murna kamar wadda ta ci jarrabawa.

Sai dai allon waya ƙarami ne ga tsohuwa. Na ɗauko tsohuwar laftof ɗin maigidana, wadda ta daɗe a ƙasan akwati, na koma da ita washegari. Na haɗa, na yi sallamar da Malam ya faɗa, amma manhajar ta ƙi. Wannan karon ma saƙonta daban ne, wai hanyar ba amintacciya ba ce. Burauza ma kowane shafi na nema sai ta yi mini gargaɗi da jan rubutu. Ga wayata a gefe, a kan waifai ɗaya, tana aiki lafiya lau.

Abin da nake koya wa ɗalibaina a ɗakin gwaji shi ne, in abu biyu suka bambanta, a nemo inda suka rabu, a riƙa canza abu ɗaya-ɗaya. Na kashe laftof na kunna. Na matsa kusa da akwatin. Malam ya kashe akwatin ya kunna, ɗalibai suka ɗago kai suna kallonmu. Babu abin da ya sauya. Muna zaune mun zuba wa allon ido, sai Malam ya kai yatsa can ƙasan kusurwa ya ce, “Wannan agogon nata fa? Ai ko ni ban yi ritaya ba a shekarar nan da ta rubuta.”

Gaskiyarsa. Laftof ɗin tana can baya da shekaru, tun da batirinta ya mutu lissafinta ya tsaya. Ban ga abin da ya haɗa agogo da bidiyo ba, amma na gyara kwanan wata da lokaci. Manhajar ta buɗe kamar ba ita ba.

Ban iya barin abin haka ba. Na zauna a wurin na yi ta bincike a waya har na gane. Ashe kowane shafi yana nuna wa kwamfuta wata shaida mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, ita kuma kwamfuta sai ta duba agogonta ta gani ko shaidar tana kan lokaci. Tamu da ta duba, sai ta ga an miƙo mata shaidar da a lissafinta ba a ma yi ta ba tukuna. Da na yi wa Malam bayani, ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, “Wallahi ta fi wasu ma'aikata tsantseni. Ni ma da an kawo mini sakamakon jarrabawar baɗi ba zan karɓa ba.”

Na ɗauka an gama. Na aika wa 'yar Baffa saƙo ta turo linki mu gwada a lokacin hutunta na aiki. Na danna, manhajar ta ce tana shiga taro, ta yi ta shiga, ba ta shiga ba. Daga ƙarshe ta jefo ni waje da wata lamba da ban san ma'anarta ba. Na cire laftof daga waifan ɗakin karatu na jona ta da datar wayata, sai ga 'yar Baffa tana ɗaga mini hannu, ko da yake tana daskarewa. Na mayar kan waifai, shiru. Wato laftof lafiyarta ƙalau, manhaja ma haka, tsakaninta da akwatin Malam ne ake rigima.

Malam ya tuna cewa lokacin da aka haɗa akwatin, shugabannin ƙungiya sun ce a toshe wasu hanyoyi don kada yara su mai da wurin gidan kallo. Ya kira mutumin Kaduna, wayarsa a kashe. Ina ta kallon shafin da linkin ke buɗewa, sai na lura da wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa, wanda idona ya sha tsallakewa, yana cewa ana iya shiga ta burauza ba sai da manhaja ba. Na yi tunani, tunda burauza ƙofarta a buɗe take, bari in bi ta nan. Na danna, ta nemi izinin kyamara da makirfo, na ba ta. Sai ga fuskar 'yar Baffa tar, har ina ganin ɗinkin hular aikinta. Ta ce, “Yaya, yanzu kam ina gani ka sosai!” Malam ya leƙo suka gaisa, ya tambaye ta ruwa, ta tambaye shi iyali, kamar sun daɗe da sanin juna.

Har yau ban tabbatar wace hanya aka toshe ba. Bayan wasu makonni na sake gwada manhajar a wurin ta shiga ba gardama, Malam kuma ya rantse ba wanda ya taɓa akwatin. Wannan ya tsaya mini a rai, ban samu amsarsa ba.

Ranar Asabar na je ɗaukar Goggo na tarar ta yi shiri kamar mai zuwa biki. Ta sa lalle tun jiya, ta ɗaura zanen da ba ta fito da shi sai da dalili, ɗakin duk ƙamshin turaren wuta. Na ce, “Goggo, ai ba zai ji ƙamshin ba.” Ta ce, “Ni zan ji.” Muka hau keke, tana riƙe da hannuna a duk ramin da muka faɗa.

Malam ya ware mana tebur a kusurwa, ya sa mata kujera mai hannu. Na shiga taron ba wata matsala. 'Yan Kaduna suka shigo, 'yan Legas suka shigo, kowa a ɗan akwatinsa a kan allo, ana ta gaishe da Goggo tana tambayata wane ne wannan, wace ce waccan. Mutanen Kumasi kuwa babu su. Muka jira. Na fita na sake shiga, na duba agogo, na duba shafin sallama. Na aika saƙo ba a buɗe ba. Goggo kuwa tana ta jan carbinta. Sai wani yayana daga Legas ya ce, “Wai kun tuna suna bayanmu da awa guda? Yanzu suke sallah.” Duk binciken da na yi, wannan bai zo mini a rai ba. Mun ce bayan azahar, kowa kuma azahar ɗin garinsu ya nufa.

Kafin su shigo, ɗakin karatu ya cika, domin lokacin jarrabawa ne. Da akwatin Kumasi ya bayyana, sai hoton ya zama dishi-dishi, farin abu a sama, duhu a ƙasa, murya tana zuwa guntu-guntu. Goggo ta matso da fuskarta har ta kusa taɓa allon. Ta ce, “Ina yake?”

Wannan kam na san dalilinsa, hanya ɗaya ce mutane suka yi mata yawa. Na roƙi 'yan'uwa kowa ya kashe kyamararsa, a bar ta Kumasi da tamu. Ya ɗan gyaru. Malam kuwa bai tambaye ni ba, ya miƙe ya tafa hannu kamar yana gaban asambuli. Ya ce, “Jama'a, ku yi haƙuri. Wannan baiwar Allah rabonta da ƙanenta tun kafin a haifi iyayen wasunku. Wanda ba dole ne ya yi amfani da waifai yanzu ba, ya taimaka ya sauka na ɗan lokaci.” Na ga hannaye suna zuwa kan wayoyi. Wata ɗaliba ta rufe laftof ɗinta ta juyo da kujera gaba ɗaya.

Hoton ya washe a hankali. Ga wani tsoho siriri da farar hula, gemunsa fari fat, yana zaune a kan kujerar roba, bayansa bango mai shuɗin fenti. Hancin mahaifina ne sak a fuskarsa. Na raɗa wa Goggo haka, ta gyaɗa kai.

Goggo ta ce, “Salamu alaikum.” A daidai lokacin shi ma ya ce, “Salamu alaikum.” Suka yi shiru tare. Ta ce, “Ina wuni,” shi ma ya ce, “Ina wuni, Yaya.” Suka sake yin shiru. Magana tana ɗan jinkiri kafin ta isa, don haka duk wanda ya ji shiru sai ya ɗauka shi ake jira, su fara tare, su tsaya tare. Gaisuwar tsofaffi kuma doguwa ce, kowace gaɓa sai sun yi karo. Na fara yi mata bayanin cewa muryar sai ta yi tafiya mai nisa, ta ɗaga mini hannu. Ta dubi allon ta ce, “Auta, yi shiru. Ni ce babba. In na gama zan ce maka na gama.”

Dariya ta ɓarke a Kumasi, ta ɓarke a ɗakin karatu. Baffa yana dariya yana share ido da gefen rigarsa. Ya ce, “Yaya, har yanzu?”

Na zaci za su yi maganar shekarun da suka wuce, wa ya yi laifi, me ya hana shi zuwa. Ba su taɓo wannan ba. Ya tambaye ta ko tsamiyar ƙofar gida tana nan, ta ce an sare ta da aka faɗaɗa lungu, na gama. Ya tambayi wani abokinsa maɗinkin hula, ta ce ya rasu, na gama. Ya tambayi wani, shi ma ya rasu. Ya yi musu addu'a, muka shafa. Ita kuma ta tambaye shi ko yana samun tuwon dawa a can, ya ce sai dai na masara, ta ce shi ya sa ya rame. Aka kawo jikokinsa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa a gaban waya, tana sa musu albarka.

Ana cikin haka allon ya tsaya cik, sannan ya yi baƙi. Goggo ta damƙi hannuna. “Me ya same shi?” Na ce ba abin da ya same shi. Na buɗe sabon shafi, sai ga shafin ƙa'idoji ya dawo, ashe lokaci yake ba mutum, in ya cika sai an sake neman izini. Na danna, na koma taron. Baffa yana nan inda muka bar shi, ya matso da fuska yana cewa, “Yaya? Yaya?” Ta ce, “Ga ni. Ba inda na je.”

Sai da aka kira la'asar suka yi sallama, shi ma da ƙyar. Ɗaliban suka taso suna yi wa Goggo barka, wasu har bakin keke suka raka ta.

Muka kama hanya har muka wuce kasuwa. Can ta ce, “'Yar nan, in gaya miki gaskiya? Hula na gani da gemu. Da kika ce hancin babanku ne, na dai amsa miki.” Na juyo na dube ta da kyau a hasken yamma, sai na ga wani fari-fari a ƙwayar idonta, wanda duk zuwan da nake yi ban taɓa lura da shi ba. A gida ta san inda komai yake, ba ta laluben buta ko ƙofa, don haka ba wanda ya gane. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce an daɗe, ba ta ga abin da za ta kalla ba ne da zai sa ta tayar wa mutane da hankali.

Cikin makon na kai ta asibitin ido, likita ya ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. Aka yi mata ido ɗaya, bayan ya warke aka yi ɗayan. Da muka koma ɗakin karatu a taro na gaba, ta zauna nesa da allon, ta harɗe hannu, ta daɗe tana kallon Baffa. Shi kuma yana jira, don ba a ba shi izini ba. Sannan ta ce, “Ba hancin baban 'yar nan ba ne, na Innarmu ne. Kuma wa ya cire maka haƙoran gaba? Na gama.”